Wa Zai Biya Kuɗin Shekarar Farko? Masu Kwali da Sharaɗin Gogewa a N'Djamena

Duk wanda ya saba duba sanarwar neman ma'aikata a N'Djamena, ko wadda aka manna a ƙofar wata ƙungiyar agaji ko wadda ke yawo daga waya zuwa waya ta WhatsApp, ya san akwai layi ɗaya da ba ya rasa fitowa. Bayan an faɗi irin kwalin da ake so, lisans ko masta, sai a ƙara da cewa lallai mai nema ya kasance ya taɓa yin irin wannan aiki na shekara biyu, ko uku, wani lokaci biyar. Ana gindaya wannan sharaɗi ga kujerar darakta, ana kuma gindaya shi ga mai karɓar kuɗi a kanta da mai shigar da bayanai a kwamfuta. Saurayin da ya fito daga harabar jami'a ta Toukra ko Ardep-Djoumal bara, da budurwar da ta gama Jami'ar Sarki Faisal ko ta dawo daga Ngaoundéré ko Maiduguri da takardarta, suna karanta layin nan su san an rufe ƙofa tun ba su ƙwanƙwasa ba. Tambayarsu tsohuwa ce kuma tana kan gaskiya: in kowa sai ya taɓa aiki kafin a ba shi aiki, daga ina za a fara? Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, su kuwa an yanke musu hukunci ba a gwada su ba. Ni a ganina rigimar nan ta gogewa, in aka tona ta, rigima ce a kan kuɗi. Shekarar farko ta kowane ma'aikaci tana da tsada, dole wani ya biya ta, kuma a Chadi waɗanda ya kamata su biya sun janye hannu ɗaya bayan ɗaya, har nauyin ya faɗo kan iyayen yara, waɗanda akasarinsu ba za su iya ɗauka ba.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a fahimci abin da mai ɗaukar ma'aikata ke gudu. Sabon ma'aikaci, komai ƙoƙarinsa a aji, watanninsa na farko ɗawainiya ce ga wanda ya ɗauke shi. Akawun da ya haddace tsarin lissafin OHADA bai taɓa rufe littafin wata a kamfanin da ke bin mutum ɗari bashi ba. Injiniyan da ya ci jarrabawa bai taɓa tsayawa gaban leburori talatin da birkilan da ya haife shi ya ba da umarni ba. Sai an sa wani babba ya zauna da shi, ya duba aikinsa, ya gyara masa kurakurai, kuma lokacin babban nan kuɗi ne. In kamfani ya daure ya horar da shi, babu abin da zai hana wani kamfanin da ya fi albashi ya zo ya janye shi a shekara ta biyu, ya ci moriyar horon da bai kashe ko sisi a kai ba. Saboda haka kowane mai kamfani, in ya yi lissafinsa shi kaɗai, zai ga dabara ita ce ya jira wani ya horar, shi kuma ya ɗauka. Ga mutum ɗaya lissafin daidai ne. In kowa ya bi shi kuwa, sai a wayi gari babu mai horarwa, gari ya cika da kukan rashin ƙwararru alhali dubban masu kwali na zaune a inuwar darbejiya suna dafa shayi. Ƙasashen da suka rage wannan matsala, irin su Jamus inda matashi ke raba makonsa tsakanin makaranta da masana'anta, sun yi hakan ne da raba kuɗin horon tsakanin kamfanoni da gwamnati da shi kansa mai koyon, wanda ya yarda da ɗan alawus maimakon cikakken albashi.

A Chadi gwamnati ce ta daɗe tana biyan kuɗin shekarar farko, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Chadi a 1971, wadda daga baya ta koma Jami'ar N'Djamena, manufarta ita ce samar da malamai da alƙalai da ma'aikatan mulki da za su gaji Faransawa. In ban da shekarun yaƙin basasa da suka tarwatsa komai, tsarin a bayyane yake: ɗalibi na karɓar alawus yana karatu, in ya gama a shigar da shi aikin gwamnati, ya koyi aiki a bakin aiki albashinsa na tafiya. Da man Doba ya fara bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a 2003, kuɗi ya shigo, aka buɗe jami'o'i a Abéché da Moundou da Ati da Sarh da Doba, makarantu masu zaman kansu suka yi ta tsirowa a unguwannin N'Djamena, yawan ɗalibai ya ninka sau da dama. Sai farashin mai ya karye daga tsakiyar 2014, daidai lokacin da ƙasar ta ciwo bashin fiye da dala biliyan ɗaya daga kamfanin Glencore don sayen kason Chevron a rijiyoyin Doba. A 2016 gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16 da har yau ake ambatonsu da ɗaci: aka zaftare alawus-alawus na ma'aikata, aka soke tallafin wata-wata na ɗaliban jami'a, ɗaukar sababbin ma'aikata ya kusa tsayawa cak. Makarantu suka ci gaba da yaye ɗalibai kowace shekara, babban mai karɓarsu kuwa ya saya ƙofa.

Tun daga nan kalmar Faransanci ta intégration, wato shigar da mutum sahun ma'aikatan gwamnati, ta zama abin da ake kwana da shi ake tashi da shi a gidaje. Dubban matasa ne takardunsu ke jibge a ma'aikatar kula da ma'aikata, suna jiran ranar da sunansu zai fito. A 2019 marigayi Shugaba Idriss Déby Itno ya yi alƙawarin ɗaukar matasa 20,000 a shekarar da ke biye, ba a cika adadin ba har ya rasu a Afrilun 2021. Ɗansa Mahamat, da ya karɓi riƙon ƙwarya, ya sanar da ɗaukar 5,000. Tsakanin wannan alƙawari da wancan, ƙungiyoyin masu kwali marasa aiki sun yi zaman dirshan a Bourse du Travail, wato zauren ƙungiyoyin ƙwadago, sun yi yajin cin abinci, sun yi barazanar barin ƙasar baki ɗaya, har wasu suka ƙona takardun shaidarsu a bainar jama'a. Fushinsu halas ne, musamman waɗanda gwamnati da kanta ta tantance ta horar a makarantun koyon malanta da na kiwon lafiya, sannan ta bar su. Amma layin jira na da wata illa da ba a cika faɗa ba. Masar ta gwada wannan hanya: a farkon shekarun 1960, zamanin Gamal Abdel Nasser, aka lamunce wa duk wanda ya gama jami'a aikin gwamnati, kafin ƙarshen shekarun 1980 jiran ya kai shekaru masu yawa, daga bisani aka jingine lamunin. Mai jira ba ya tara gogewa. Abin da ya koya a aji yana dusashewa, shekarunsa na matsowa kusa da iyakar da doka ta sa wa shiga aikin gwamnati, kuma in ya juya wajen kamfani sai a tambaye shi abin da ya yi a shekara biyar ɗin da suka wuce, ya rasa amsa. Layin da aka ce ya tsaya a ciki shi ne ke mayar da shi wanda ba a so.

To me ya hana kamfanoni cike gurbin? Amsar farko ita ce ba su da yawa. In aka ƙirga manyan masu biyan albashi a rubuce, ba a daɗe ana ƙirgawa: Airtel da Moov Africa, bankuna kimanin goma, kamfanonin mai da matatar Djarmaya da aka buɗe a 2011 tare da kamfanin CNPC na Sin, Cotontchad a Moundou, kamfanin sukari na Banda kusa da Sarh, kamfanin siminti na Baoré, 'yan otal-otal da kamfanonin gine-gine. Man fetur, wanda shi ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje, sana'a ce mai cin injuna da jari, ba ta ɗaukar mutane da yawa. Ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun wutar lantarki, wadda kuma kayanta sai sun yi tafiyar fiye da kilomita dubu daga tashar Douala kafin su tsallako gadar Nguéli, ba ta da sauƙin kafa masana'anta. Fiye da kashi tara cikin goma na masu aiki a Chadi suna noma ne ko kiwo ko kasuwanci da sana'o'in da ba su da rajista. A irin wannan ƙaramar kasuwa, gurbi ɗaya kan jawo ɗaruruwan takardu, kuma ma'aikacin da aka ɗora wa tantancewa ba shi da lokacin karanta su duka. Sharaɗin shekara uku sai ya zama rariya: da shi ake tace ɗari biyar su koma talatin kafin azahar. Sau da yawa aikin kansa bai bukaci shekara ukun ba. Wata uku na koyo ya isa.

Ɓangare na uku, wanda ya fi biyan albashi mai tsoka, shi ne na ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a fi matsa tambaya. Tun rikicin Darfur na 2003 gabashin Chadi ke cike da sansanonin 'yan gudun hijira, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sake turo dubban ɗaruruwa ta Adré, ga kuma yankin Tafkin Chadi da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Wannan ya sa aikin agaji ya zama burin mai kwali da yawa. Sai dai ƙungiyoyin nan suna aiki ne da kuɗin masu ba da tallafi, a kan kwangilar wata shida ko shekara ɗaya, kuma mai ba da kuɗin yana son rahoto a kan lokaci. Babu layi a kasafinsu da aka ware wa koyar da sabon shiga. Don haka sukan ɗauki wanda asibitin gwamnati ko wata ƙaramar ƙungiyar cikin gida ta riga ta goge, su ninka masa albashi. Ga hujjar gaggawa a bakin iyaka, ana iya yi musu uzuri, domin wurin da ake ceton rai ba wurin koyo ba ne. Amma ofisoshinsu na N'Djamena, inda ake lissafi da sayen kaya da tsara sufuri, sun shekara ashirin a ƙasar. Wanda ya shekara ashirin yana ɗiban ruwa a rijiya ya kamata ya sa hannu a yashe ta. Da Amurka ta datse tallafinta na ƙetare a farkon 2025 kuwa, aka sallami ma'aikatan agaji a ƙasashe da dama, masu gogewar shekara goma suka dawo kasuwa suna neman guraben da a da na ƙanana ne, sabon mai kwali ya ƙara komawa baya a layi.

Da gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyi suka janye, sai aka bar hanya ɗaya: sitaj, wato zaman koyon aiki a ofis, wanda akasari ba a biyan ko kuɗin mota. A takarda kowa na iya nema. A zahiri abu biyu ake bukata, wanda zai yi maka magana a ba ka gurbin, da gidan da zai ciyar da kai ya biya maka kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, daga Walia ko Diguel zuwa tsakiyar gari kullum har wata shida. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ɗan babban ma'aikaci zai yi sitaj uku a jere, a banki da ma'aikata da ƙungiya, kafin ya cika shekara ashirin da shida takardarsa ta cika da abin da ake nema. Ɗan manomin auduga daga Logone ko ɗan makiyayi daga Batha, wanda aka sayar da shanu aka biya masa karatu, dole ya nemi abin da zai ci yau. Ta haka sharaɗin da ake cewa yana auna iyawa ya koma yana auna gidan da aka haifi mutum. Mace ta fi shan wahalarsa, domin shekarun da ake so ta yi tana aikin kyauta su ne shekarun da ake matsa mata ta yi aure, kuma neman alfarma a ofisoshi na jefa ta cikin haɗarin da namiji bai sani ba. Akwai kuma shingen harshe: Faransanci da Larabci duka harsunan hukuma ne, amma wanda ya yi karatunsa da Larabci a Sarki Faisal ko Khartoum ko Alƙahira ya san yawancin ofisoshi da Faransanci suke aiki, kamfanonin mai da ƙungiyoyin waje kuma sukan ƙara da Ingilishi.

Masu kamfanoni na da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ba son kai ne ya sa suke neman gogewa ba, kwalin ne ya daina ba su labarin komai. Akwai gaskiya a ciki. Yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sa shekarar karatu a jami'o'in gwamnati takan miƙe har ta cinye ta gaba, lisans ɗin shekara uku ya ɗauki biyar. Ajujuwa sun cika, ɗakunan gwaje-gwaje ba kayan aiki, wasu makarantu masu zaman kansu kuma sun fi damuwa da kuɗin rajista a kan abin da suke koyarwa. Akwai wanda zai gama karatun kwamfuta bai zauna gaban kwamfuta na awa ɗari ba. Yawancin ɗalibai sun taru a shari'a da adabi da ilimin zamantakewa, domin su ne darussan da ake iya koyarwa da allo da alli kawai. Na yarda da duk wannan. Sai dai a lura da inda hujjar ta kai mu. In matsalar ita ce mai kamfani ba zai iya bambanta ƙwararre da rago ta hanyar kwali ba, to abin da yake nema shaida ce da zai amince da ita, shekarun aiki kuwa sun zama madadinta ne kawai don babu wata. Madadin kuma mai rauni ne, domin shekara uku na zama a ofishin kawu ana karanta jarida ita ma shekara uku ce a takarda.

Binciken da aka yi a wasu ƙasashen Afirka ya ƙarfafa wannan fahimta. A Afirka ta Kudu an gwada haɗa takardun neman aiki da wasiƙar shaida daga wanda mutum ya taɓa yi wa aiki, mai bayyana halinsa da abin da ya iya, sai kiran da kamfanoni ke yi wa masu nema ya ƙaru da fiye da rabi. A Uganda an kwatanta matasan da aka tura koyon sana'a a makaranta, suka fito da takardar da kowa ya sani, da waɗanda aka biya masu shaguna su horar da su a bakin aiki ba tare da irin wannan takarda ba. Duka biyun sun koyi aiki, amma bayan 'yan shekaru masu takardar sun fi samun aiki, domin in suka rasa wani wurin suna iya nuna wa na gaba abin da suka iya. Bahaushe ɗan kasuwa bai bukaci bincike ya san wannan ba. A kasuwar Kwari ta Kano, a Maradi, ko a babbar kasuwar N'Djamena, ba a tambayar yaron shago kwali. Wani da aka sani ne ke kawo shi ya tsaya masa, maigida ya ciyar da shi ya koya masa ciniki, in ya nuna amana a yaye shi da jari, sunan maigidan ya bi shi duk inda ya je. Tsarin na da nasa zalunci, akwai yaran da aka ci guminsu aka kore su hannu rabbana. Amma ya warware abubuwa biyun da ofisoshin zamani suka kasa: ya faɗi wanda zai ɗauki nauyin mai koyo, ya kuma samar da shaidar da kasuwa ta yarda da ita.

Wata amsar da aka fi ji daga bakin hukuma ita ce matasa su daina jiran gwamnati su kama sana'a. Ba ƙarya ba ne cewa dukiyar Chadi na wajen ofis. Ƙidayar dabbobi ta 2015 ta sami kusan kai miliyan 94, yawancin shanun da ake fitarwa da ƙafarsu suke tafiya zuwa kasuwannin Najeriya ba a sarrafa nama ko fata ba, ƙasar na cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya, riɗinta na da kasuwa. Kuma matasan ba su zauna ba: da yawa daga masu tuƙa kilando a N'Djamena da masu koyarwa a makarantun kuɗi a kan ɗan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 ba, masu kwali ne. Amma kafa sana'a ya fi neman aiki bukatar gogewa. Wanda zai yi fataucin ƙaro sai ya san ingancinsa, ya san dillalai, ya san kwastan, ya san lokacin da farashi ke faɗuwa, kuma ba a sanin waɗannan sai a ƙarƙashin wani. A ba wa yaron da bai taɓa riƙe littafin shago ba rancen sefa miliyan ɗaya a ce ya zama ɗan kasuwa, sau da yawa bashi kawai aka ƙara masa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce wannan: in guraben ɗari ne masu nema dubu goma, ko an ba kowa gogewa guraben ɗari ne dai, an sauya masu shiga kawai. Akwai shaidar da ke goyon bayanta. A Jordan, daga 2010, an ba wa 'yan matan da suka gama kwaleji takardar da ke biya wa kamfani albashinsu na wata shida. Muddin tallafin na tafiya samun aikinsu ya yi sama ƙwarai, da ya ƙare bambancin ya zube. Wannan gargaɗi ne ga Chadi, domin hukumar samar da aikin yi ta ONAPE, wadda aka kafa a 1992, tana da shiri mai kama da haka mai suna PADE, na tallafa wa masu kwali marasa gogewa, inda take tura su kamfanoni su yi 'yan watanni tana ba su alawus. Tunanin daidai ne, domin ya amsa tambayar wa zai biya. Abin da ya kamata a riƙa tambayar hukumar shi ne mutum nawa ke kan aiki bayan shekara biyu, ba mutum nawa aka tura ba. Duk da haka ban yarda cewa sauya masu shiga ƙaramin abu ne ba. In guraben ɗarin nan kullum 'ya'yan gida ɗari ne ke samunsu, ƙasa na asarar hazikan da ba su da hanya, kamfanoni na aiki da waɗanda ba su ne mafi iyawa ba, kuma sauran dubu tara da ɗari tara suna koyon cewa karatu bai da amfani. A ƙasar da rabin mutanenta yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, wannan darasi na da haɗari. Bayan haka, adadin guraben ba a kafe yake ba: kamfanin da ya sami amintaccen akawu ko makaniki a cikin gida da araha ya fi iya faɗaɗa harkarsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne, a wasu fannonin aikin na nan jibge, ba a rasa shi ba. Babban kaso na masu koyarwa a firamaren Chadi malaman al'umma ne, waɗanda ƙungiyoyin iyaye ke ɗauka su biya su abin da ya sawwaƙa, da yawansu ba su sami horon malanta ba. A lokaci guda waɗanda suka gama makarantun horar da malamai na zaune a N'Djamena suna jiran intégration. Haka abin yake a kiwon lafiya, a ƙasar da ke cikin mafi ƙarancin likitoci da ungozoma a duniya in aka kwatanta da yawan jama'a, kuma cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa. A nan ne shekarar hidima mai alawus za ta yi ma'ana. Najeriya ta kafa bautar ƙasa ta NYSC a 1973 zamanin Yakubu Gowon, tana kuma da tsarin SIWES da ke tura ɗaliban kimiyya da fasaha masana'antu tun suna makaranta. Nijar na da nata hidimar ƙasa ta masu kwali. Duk wanda ya san su ya san aibinsu: alawus da ke makara, masu hidima da ake turawa inda babu abin yi. Amma ɗan Najeriyar da ya gama hidima yana da shekara guda da zai rubuta a takardarsa da sunan wurin da za a iya tambaya. Za a ce baitulmali ba kuɗi, ƙasar da sai a ƙarshen 2022 ta daidaita da masu binta bashi, Asusun Lamuni na Duniya kuma na sa ido a kan kuɗin albashi. Gaskiya ne. Sai dai alawus na shekara ɗaya ko biyu ba ɗaya yake da albashin shekara talatin da fansho ba, kuma ya fi gaskiya a kan alƙawarin dubbai da ba a cikawa. Sharaɗinsa shi ne a biya a kan lokaci, kuma in an tashi ɗaukar ma'aikata na dindindin a fara da waɗanda suka yi hidimar a Guéra ko Salamat ko Kanem.

Sauran kuɗin ya kamata ya fito daga waɗanda ke cin moriyar ƙwararru. Kamfanoni na biyan harajin horo da ke shiga asusun FONAP, kuma ONAPE ce ke ba baƙi izinin aiki, don haka igiyoyin na hannun hukuma. Ana iya cewa duk kamfanin da ya nemi izinin kawo ƙwararre daga waje sai ya ajiye ɗan ƙasa kusa da shi yana koyo, da wa'adin da zai karɓi kujerar. Duk kwangilar hanya ko gini ko wutar lantarki da gwamnati ta bayar, a rubuta a cikinta adadin sababbin injiniyoyi da akawu da za a ɗauka, kamar yadda ake rubuta yawan siminti. Ƙungiyoyin agaji, lokacin sabunta yarjejeniyarsu da ƙasa, a nemi su ware kaso na guraben ofis ga waɗanda ba su taɓa aiki ba, masu ba su kuɗi kuma su yarda da wannan layi a kasafi. Haɗarin a bayyane yake: kamfani na iya mayar da masu sitaj leburorin arha, ya sallami wannan rukuni ya ɗauko wancan. Maganinsa a ƙayyade tsawon sitaj, a wajabta alawus da zai ɗauki abinci da sufuri, a hana maimaita gurbi ɗaya da mai koyo sau da yawa, a kuma raba guraben ta jarrabawar da aka sanar a fili. A ƙarshen zaman a ba mai koyo takarda iri ɗaya a duk ƙasa, wadda ta faɗi ayyukan da ya yi da hannunsa, da sunan wanda ya duba shi da inda za a same shi. Irin wannan takarda ya kamata ta samu ga wanda ya shekara uku yana riƙe lissafin wani attajiri a kasuwar Dembé, da wadda ta koyar da aji mai yara tamanin a makarantar unguwa a Chagoua, domin su ma sun yi shekarun da sanarwar ke nema, babu dai wanda ya rubuta musu.